Shin da gaske gasar wasan yaƙi ta da ta fi ta yanzu daɗi?

Ɗan'uwa, ka ce ka shiga wasan yaƙi na kan tebur, irin wanda ake jera 'yan ƙananan sojoji na dalma ko na roba, a auna tafiyarsu da tef, a jefa ƙwayar lido a ga wa ya kashe wa. Ka ce duk dattijon da ka zauna da shi a kulob sai ya girgiza kai ya ce wasan ya lalace, gasar da ita ce gasa. Kana so ka san ko da gaskiya a maganarsu, ko kuwa tsufa ne kawai.

Akwai abin da aka rasa da gaske, sai dai ba shi ne abin da yawancinsu ke ambatawa ba. Idan sun ce a da ba a damu da cin wasa ba, zumunci ake yi, kada ka karɓa. Mutanen 1975 sun fi na yau iya musu a kan waƙafi ɗaya a cikin littafin doka. Abubuwan da suka tafi daban ne, kuma sai mun ɗan koma baya kafin su fito fili.

Wasan daga barikin soja ya fito. A 1824 wani ƙaramin hafsan igwa na daular Purushiya, Georg von Reisswitz, ya gyara wani wasa da mahaifinsa ya ƙirƙiro, ya gabatar wa manyan hafsoshi, aka karɓe shi a matsayin hanyar horar da soja. Shi ne Kriegsspiel. Ana yin sa a kan taswira da 'yan guntayen ƙarfe, ɓangare ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Abin da nake so ka riƙe shi ne, mutum uku ne ke wasan, ba biyu ba. Kowane kwamanda zai rubuta umarninsa ya miƙa wa alƙali, alƙali ne zai motsa rundunonin, ya faɗa wa kowa iya abin da idonsa zai iya gani a fagen daga, ya yanke hukunci idan aka yi karo. Wanda ke wasan ba ya buƙatar ya haddace doka ko ɗaya.

Shigarsa gidajen farar hula ta zo ne ta Ingila. A 1893 kamfanin William Britain ya gano yadda ake zuba sojan dalma mai rami a ciki, farashi ya faɗi, yara suka samu. A 1913 marubuci H. G. Wells ya buga Little Wars, dokokin wasan da yake yi da abokansa a ƙasan ɗaki da kan ciyawar lambu. Babu ƙwayar lido a ciki. Wata 'yar igwa ce mai sifirin da ke harba guntun katako, sojan da ta kayar ya mutu. Ana auna tafiya da igiya, sojan ƙasa ƙafa ɗaya, mai doki ƙafa biyu. Manyan mutane masu gemu da gashin baki suna rarrafe a ƙasa suna saita igwa. Wells kuwa mai ƙin yaƙi ne, kuma shekara guda bayan fitar littafin Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke.

Amma zamanin da dattawan kulob ɗinku suka gada, wanda wasu ma suka riska, ya fara ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma kusan duka a hannun mutane 'yan kaɗan. A Kalifoniya Jack Scruby ya fara mujallar War Game Digest a 1957, yana kuma zuba sojoji yana sayarwa. A birnin Southampton na Ingila akwai Tony Bath da Donald Featherstone. Featherstone tsohon sojan tankar yaƙi ne, sana'arsa gashin ƙashi da tausar jijiya, har ya yi wa ƙungiyar ƙwallon Southampton aiki. A 1962 ya buga littafin War Games, a shekarar kuma ya fara Wargamer's Newsletter, wadda ta ci gaba da fita har 1980. Ɗakunan karatu na gwamnati a Birtaniya sun sayi littattafansa, kuma yara da yawa a nan suka fara sanin cewa sojojin da ke cikin kwalin takalmi a ƙarƙashin gado suna da doka. Bath shi ya kafa Society of Ancients, ƙungiyar masu wasan yaƙin zamanin da, a 1965, mai mujallar Slingshot da har yanzu take fita. Ya kuma shafe shekaru yana gudanar da wata ƙirƙirarriyar nahiya mai suna Hyboria, inda kowane ɗan wasa ke mulkin ƙasa guda, ana aiko masa da umarni ta gidan waya, ana ƙulla amana ana cin amana, shi kuma yana zaune a tsakiya a matsayin alƙali. In yaƙi ya tashi sai a jera shi a kan tebur.

Kayan wasan kansu wahalar samu suke da ita, kuma rabin kewar da ake yi ta wannan wahalar ce. Za ka ga talla a bayan mujalla, ka sayi fasal oda, ka aika, ka jira makonni. Katalog ɗin jerin sunaye ne kawai, sau da yawa ba hoto, sai kwalin ya iso ka ga kamannin abin da ka saya. Masu ƙaramin ƙarfi Airfix ya cece su: kwalin sojojin roba sama da 40 a kan kimanin sule biyu. Matsalar ita ce nau'o'in ba su da yawa, saboda haka wanda ke son rundunar da ba a yi ba sai ya yanke kan wannan ya dasa a jikin wancan da fil, ya yi alkyabba da takarda, ya yi garkuwa da kan ƙusar manna takarda. Fenti ba ya kama wannan robar da kyau, bayoneti na lanƙwasawa sai ya ɓare. Wasu kuma suna narka dalma a kan murhun kicin su zuba nasu. Sakamakon haka babu runduna biyu da suka yi kama da juna. Kana ganin teburin daga bakin ƙofa ka san na wane ne.

To, gasa fa? A shekarun 1960 aka fara taron ƙasa na 'yan wasan Birtaniya, kuma Featherstone ne ya shirya na farko-farko a Southampton. A Amurka Gary Gygax ya shirya Gen Con a 1968 a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin, mutane kimanin 100 suka zo wani zauren masu aikin lambu. Nan take aka ci karo da matsalar da ba a san da ita ba a ɗakin gida. Kowane kulob yana da dokokinsa da aka gurza a sitensil, kuma dokokin suna aiki ne saboda mutanen sun san juna, sun san abin da marubucin ke nufi, domin yana zaune a gefe yana shan shayi. Kamar dara ce a gindin bishiya, inda in gardama ta tashi dattijon da ke kallo ya faɗi kalma ɗaya a ci gaba. Ka ɗauki mutumin Manchesta ka zaunar da shi gaban mutumin Landan da bai taɓa gani ba, ka ce wanda ya ci zai ɗauki kofi, wannan tsarin ya rushe. Tebura sun yi yawa, alƙalai ba su isa ba.

Maganin da aka samo shi ne ya haifi duk abin da ake kuka da shi yau. A 1969 Phil Barker da Bob O'Brien da Ed Smith suka kafa Wargames Research Group, wadda kowa ke kira WRG, suka fitar da dokokin yaƙin zamanin da. Nufinsu a rubuta doka ta yadda baƙi biyu za su yi wasa ba tare da alƙali ya tsaya a kansu ba. Kowane irin soja aka sa masa maki gwargwadon sulkensa da makaminsa da horonsa, aka ce kowane ɓangare ya zo da adadin maki iri ɗaya. Daga baya aka ƙara littattafan jerin runduna, masu faɗa maka abin da rundunar Rum ko ta Farisa za ta iya ƙunsa da wanda ba za ta iya ba, saboda an ga mutane suna zuwa da giwaye fiye da waɗanda sarkin ya taɓa mallaka. Aikin alƙali ya koma cikin littafi.

Bari in faɗa maka yadda wasa yake a ƙarƙashin bugu na 6 na 1980, wanda ya ɗauko daga shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa 1485, domin shi ne ake yawan tunawa da hawaye. Soja ɗaya a kan tebur yana wakiltar mutum 20. In aka yi harbi, za ka duba jadawali, ka tara lambar makami da ta yanayi da ta sa'a, ka sami adadin waɗanda suka mutu, ka rubuta a takarda. Sai sun cika 20 ka ɗauke soja ɗaya. Kafin a fara wasa kowa ya rubuta wa kowace ƙungiya umarninta. In abokan gaba suka bayyana, ko wani na kusa ya gudu, sai a yi gwajin ƙarfin zuciya: a jefa ƙwaya uku, a bi dogon jerin ƙari da ragi, a ga ko mutanenka za su tsaya, ko su ruga, ko su auka ba da izini ba. Sojojin da ke da horo suna amfani da wata ƙwaya ta musamman mai lamba 2, 3, 3, 4, 4, 5, don kada sa'arsu ta yi tsalle da yawa, marasa horo kuma ƙwayar da ka sani. Dabara ce mai kyau, har yau ina ganin ba a yi wadda ta fi ta wajen bambanta soja da gayya ba. Amma wasa ɗaya yana cin yamma guda, kuma kaso mai tsoka na lokacin lissafi ne da musu. Salon rubutun Barker ya yi suna wajen cusa sharuɗɗa biyar a jimla ɗaya, har 'yan wasa suka raɗa masa suna. Ya yi haka ne don ya toshe ƙofofin masu neman kafa, su kuma suka mai da fassara jimlolinsa sana'a. Mutumin da ke ajiye sojansa a wani kusurwa da babu kwamandan da zai yi haka a duniya, don kawai doka ta hana ka kai masa hari, ba intanet ce ta haife shi ba.

Wani abin da gasa ta jawo shi ne haɗa waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba. Tunda doka ɗaya ta rufe shekara sama da 4,000, sai ka ga karusan Fir'auna suna fuskantar mayaƙan Viking na arewacin Turai. Masu son tarihi sun yi ta ƙorafi tun a lokacin cewa gasa ta kashe wasan. Ka lura, kukan da kake ji yau an yi shi kafin a haife ka. Amfanin wannan faɗin shi ne ya tura mutane karatun tarihin da makaranta ba ta koya musu ba. A jerin rundunonin WRG na baya akwai ta Yammacin Sudan, mai ɗauke da Mali da Songai da Barno da ƙasar Hausa, kuma za ka tarar da 'yan lifida da 'yan baka a rubuce da sunayensu. Akwai Bature a wani ƙauyen Ingila da ya zauna da buroshi yana zana ɗinkin lifidi a jikin doki mai tsawon milimita 15.

Barker da kansa ya ga nauyin ya yi yawa. A 1990 aka fitar da De Bellis Antiquitatis, wato DBA: kowace runduna gungu 12 ce kacal, sojoji kimanin 50, tebur ƙafa biyu a ƙafa biyu, babu rubuta matattu, ƙwaya ɗaya ce ke faɗa maka yawan motsin da za ka yi, wanda ya fara rasa gungu huɗu ya faɗi, wasa ya ƙare cikin awa guda. Ɗan'uwansa mai manyan runduna, DBM, ya biyo a 1993 ya mamaye gasa tsawon shekaru. Tsofaffin masu bugu na 6 da na 7 suka ce an mai da yaƙi wasan yara.

Idan kuma dattawan naku 'yan Warhammer ne, wato wasan yaƙin dodanni da tsafi na kamfanin Games Workshop, labarinsu reshe ne na wannan. Games Workshop ya fara a Landan a 1975, Citadel Miniatures mai zuba sojojin ya zo a ƙarshen shekarun 1970 ƙarƙashin Bryan Ansell, Warhammer ya fito a 1983, Warhammer 40,000, mai yaƙin sararin samaniya, a 1987. Bugun farko na 40,000, mai suna Rogue Trader, ya ɗauka cewa akwai mai gudanar da wasa, mutum na uku da zai tsara labari ya ɓoye wa kowa wani abu. Kamfanin bai da motocin yaƙi da yawa na sayarwa a lokacin, har mujallarsa White Dwarf ta nuna wa masu karatu yadda za su yi tanka da robar turaren hammata da ta ƙare. Ka gwada tunanin kamfanin yau yana ba ka wannan shawara. Bayan da Tom Kirby ya karɓi ragama a 1991, aka shiga kasuwar hannun jari a 1994, wasan ya koma manyan kwalaye masu sojojin roba da littattafan runduna, aka nufi yara 'yan makaranta, mai gudanarwa ya ɓace.

Babbar gasar kamfanin, Grand Tournament, ta fara a tsakiyar shekarun 1990, kuma a nan dattawan suna da hujja mai ƙarfi. Cin wasa wani ɓangare ne kawai na makin mutum. Ana ba da maki a kan fenti, a kan ko rundunarka ta yi kama da runduna ko tarin dodanni ce kawai, a kan halinka kamar yadda abokin karawarka ya gani, wani lokaci har da tambayoyi a kan tarihin duniyar wasan. Mutum zai iya cin duk wasanninsa ya tashi ba kofi. Wannan ya sa mutane suna zuwa da abin da suka ƙawata, ba abin da ya fi kisa kaɗai ba. Sai dai shi ma tsarin yana da ɓaraka da ba a cika faɗa ba. Wanda aka lallasa yana iya rama wa da makin hali. Abokai suna cika wa juna. Alƙalin da ke auna kyan tsarin runduna yana da son ransa. Kuma zamanin ne na jarumi ɗaya a kan dodo mai fiffike, ɗauke da kayan tsafi, yana share rabin tebur shi kaɗai. An raba makin fenti da na wasa a manyan gasanni daga baya ne saboda mutane sun gaji da wannan, ba don mugunta ba.

Ga abin da nake ganin an rasa da gaske. Na farko jinkirin labari. A 1985, in wani a Sheffield ya gano wata dabara, sai ta ɗauki watanni kafin ta isa Bristol, ta bakin waɗanda ya ci ko ta wasiƙar mujalla. Kowane gari yana da salon wasansa, zuwa gasa kuwa tafiya ce zuwa inda ba ka san abin da za ka tarar ba. Yau sabon littafi yana fitowa, kafin mako ya zagayo an lissafa kowane makami, an wallafa jerin da ya ci gasar Las Vegas Open, an nuna kashi nawa cikin ɗari kowace runduna ke ci. Yaron da ya fara jiya zai iya kwafar rundunar gwani. Wannan adalci ne ta wani gefen, amma ka je babbar gasa ka ga tebura a jere da kangaye iri ɗaya a wuri iri ɗaya, da agogon dara na Turawa a gefe yana ƙirga wa kowa mintinsa, ka gane abin da dattijon ke nufi.

Na biyu, kuma a wurina shi ya fi nauyi, shi ne wanda ke rubuta doka da wanda ke sayar da soja sun zama mutum ɗaya. WRG dokoki take sayarwa. Sojan Rum na kamfanin Minifigs ko na Hinchliffe ko na Essex duk sojan Rum ne, babu mai iya cewa ya daina aiki. Wanda ya fente rundunarsa a 1975 zai iya sa ta a gasa gobe, iyaka ya canza mata katakon gindi. A Warhammer 40,000 kuwa an yi bugu na 8 a 2017, na 9 a 2020, na 10 a 2023, ana kuma gyara maki a tsakani. A 2015 kamfanin ya rufe tsohuwar duniyar Warhammer gaba ɗaya ya kawo sabon wasa, Age of Sigmar, mutanen da suka shafe shekara 20 suna fenti suka wayi gari wasansu ba ya kan kanta. Wanda zai kashe wata shida a kan runduna yana so ya san za ta jira shi. In bai da wannan tabbacin, sai ya rage ƙauna a fentin, ko ya zo da roba toka-toka ba fenti.

Kewar ba ta tsaya a baki ba. Masu kiran kansu 'yan Oldhammer sun koma bugu na 3 na Warhammer, na 1987, da sojojin dalma na wancan lokaci, suna taruwa duk shekara a harabar Wargames Foundry kusa da Newark, kamfanin iyalin Ansell, a taron Bring Out Your Lead, inda labari da alƙali suka fi kofi muhimmanci. Games Workshop ma ya ga kasuwa a ciki, ya dawo da tsohuwar duniyar a Janairun 2024 da sunan The Old World, makonni kaɗan bayan rasuwar Ansell.

Kada kuma su ruɗe ka cewa komai na da ya fi. Zaurukan cike suke da hayaƙin taba. Da yawan sojojin shekarun 1970 in ka riƙe su yau da kyar za ka bambanta fuska da ƙeya. Mata kusan babu, kuma waɗanda suka leƙo ba a yi musu maraba ba. Wanda ke ƙauye ba kulob kusa sai ya yi wasa shi kaɗai, har Featherstone ya rubuta littafi guda a kan yadda mutum zai yaƙi kansa. Sannan mai ba ka labarin yana da shekara 14 a lokacin, ba kuɗin haya a kansa, ba ciwon baya.

In kana so ka ɗanɗana da kanka, hanya a buɗe take kuma ba ta da tsada. Little Wars yana intanet kyauta. History of Wargaming Project na John Curry ya sake buga yawancin littattafan Featherstone da na Bath. Rundunar DBA guda ba ta kai kuɗin babbar tankar roba ɗaya ta 40,000 ba, kuma za ka gama fentinta cikin 'yan makonni. Amma abin da zai fi nuna maka bambancin shi ne ku samu ku uku, ɗaya ya haƙura da wasa a ranar. Shi zai tsara fagen, ya ba wannan ɓangare sojoji kaɗan da gada da zai tsare, ya ba wancan da yawa da ƙurarren lokaci, ya ɓoye wata runduna a bayan tudu, in gardama ta tashi ya yanke a wuce ba tare da buɗe littafi ba. Ka roƙi ɗaya daga cikin dattawan ya zama shi, yawancinsu jira suke a tambaye su. In kuma ya fito maka da tsofaffin sojojinsa, ka tuna na Citadel kafin 1997 da dalma a cikinsu: kada ka goge su da zarto kusa da abinci, ka wanke hannu bayan ka taɓa waɗanda ba fenti, kada kuma a bar su inda ƙaramin yaro zai kai baki.